Marin da Amnat Ya Sayar

Amnat Kaeomani ɓarawo ne. Bai taɓa fasa gidan kowa ba, bai taɓa zura hannu a aljihun kowa ba, amma ya saci mutuncin wata dattijuwa ya kai kasuwa ya sayar, don wasan kwaikwayonsa na talabijin ya samu masu kallo. A gabana aka yi. Zan faɗi yadda abin ya gudana tun daga farko, har da wurin da ni kaina na kasa.

Shekara ashirin da shida na yi ina kula da kayan wasa a wuraren ɗauka: kofunan da za a fasa, wasiƙun ƙarya, bindigar roba, jinin da muke haɗawa da ruwan sukari. Akwai kuma wani ɗan aiki da ba a rubuta shi a takardar kowa ba. Wasanninmu ba sa tafiya sai da mari. Kashin da aka gama ba a mari kowa ba, washegari mata a kasuwa za su ce jiya ba a yi komai ba. To marin nan ba na gaske ba ne. Mai mari ta wurga hannu ta gaban fuska, ni kuma ina tsugune a bayan kyamara in tafa hannuna sau ɗaya da ƙarfi. Wadda ake mari ta ji ƙarar, ta juyar da kai, ta faɗi. In na makara da ƙiftawar ido sai an sake. Ba na makara.

Wadda na fi tafa wa hannu a duk shekarun nan ita ce Bunruan. Ba mai kiranta da wannan suna a wurin aiki. Pa Ruan muke ce mata, yaro da babba, kamar yayar uwar kowa. Shekara talatin da ɗaya tana fitowa a muguwa: uwar miji mai baƙin hali, matar attajiri mai zuba guba a shayi, mai gidan haya da ke watsar da kayan marayu a titi. Fuskarta ce ta jawo mata, girarta a ɗage take tun haihuwa.

"Yatsa biyu, Sawang," haka take ce mini, tana nuna yatsunta. "Tsakanin hannuna da kuncin 'yar mutane yatsa biyu. Na mari rabin 'yan matan ƙasar nan, ban taɓa ko ɗaya ba."

Masu kallo sun tsane ta, ita kuma tana jin daɗin haka. An taɓa jifanta da ɓawon duriyan, wani ɗan itace mai ƙaya, a wata kasuwa a Nontaburi. Wata mai kifi ta taɓa hana ta kifi, ta ce ba ta sayar wa wadda ta kori surukarta da tsohon ciki a cikin ruwan sama. Pa Ruan ta zo tana ba mu labari tana dariya har da hawaye.

"Na ce mata, 'yar'uwa, ai ruwan ma daga motar kashe gobara aka fesa shi. Ta ce wato har mota kika ɗauko mata!"

Wannan ƙiyayyar wasa ce. Ba ta taɓa mutuncinta, ana cire gashin aro Pa Ruan ta koma gida mace mai mutunci. Wanda ya san ta ya sani.

Ɗa ɗaya gare ta, Tawi, mai shekara ashirin da biyu. Ubansa ya rasu yana aji uku. A shekarar da nake ba da labari masana'antar da yake aiki ta ba shi hutun wata uku ya shiga zuhudu na damina, kamar yadda samari ke yi a addininmu, a gidan ibadar ƙauyensu, can Cai Nat. Tun watan biyar Pa Ruan ta sayi rawayar rigar da zai ɗaura, tana nan a naɗe cikin leda a bayan motarta, kowa sai da ta nuna masa. Ranar shiga, uwa ce ke ɗaukar rigar a kan tire, ta shige gaba, a zagaya ɗakin ibada sau uku da ganguna. Mace ba ta ɗaura wannan riga. Rabonta shi ne ta ɗauke ta ranar, ta kama gefen rigar ɗanta ya ja ta zuwa makoma mai kyau. Sau ɗaya ake yi wa uwa wannan.

"Mutum goma sha bakwai na kashe a talabijin," in ji ta. "In ban kama gefen rigar nan ba, ina zan dosa?"

Wasan da muke yi a lokacin na kamfanin Amnat ne, shi ne furodusa. Laraba da Alhamis ake nunawa, muna ɗauka ana nunawa, kwana goma kacal tsakaninmu da masu kallo. Jarumar sabuwa ce, Noina, 'yar shekara goma sha tara, daga tallar sabulu aka ɗauko ta. Yarinya mai ladabi, tana haɗa tafukanta ta gaida har mai shara, amma wasa bai zauna mata ba tukun. An nuna kashi takwas, ƙididdigar masu kallo ta ƙi wuce maki biyu. Tashar talabijin ta fara maganar a gajarce wasan.

Ranar wata Talata Amnat ya zo wurin ɗauka, wani gidan bene da muka haya a Patum Tani. Ba ya zuwa sai da dalili. Ya same mu a rumfar abinci da rana, ana cin shinkafa da kaza da ɗoɗɗoya. Ya ja kujerar roba ya zauna kusa da Pa Ruan. Ina tebur ɗaya da su.

"Pa, kin ƙoshi kuwa? A ƙaro wa Pa ƙwai."

"Khun Amnat, maigida, in ka fara da ƙwai na san akwai magana."

Ya yi dariya. Ya iya dariya. Ya rage murya ya ce yarinyar nan ba ta iya kuka ba, kwalba uku ta ruwan ido aka ƙarar mata a mako ɗaya, kuma fitowar yau ita ce zuciyar kashi na goma sha ɗaya.

"Ita da kanta ta zo ofis ta roƙe ni. Ta ce a mare ta da gaske, ko kukan zai zo. Nauyinki take ji, shi ya sa ba ta faɗa miki ba."

Pa Ruan ta ajiye cokali. "Bari in tambaye ta."

"Kada ki yi, Pa. In kuka yi maganar, tsoro zai kama ta, ta runtse ido tun hannu bai iso ba. Ta sha marin a banza, a sake wani."

"Ban taɓa yi ba."

"Shi ya sa nake roƙonki ke. Wata za ta ji mata ciwo. Ke kin san hannu."

Irin tarbiyyarmu ce, wanda ya ba ka aiki ya sauko ya roƙe ka da taushin murya, ka ce masa a'a kamar ka watsa masa ruwa a fuska ne. Mun ɗauki wannan kyakkyawan hali. Mugaye sun san haka, da shi suke kama mu. Pa Ruan ta ce to, sau ɗaya.

Da ya tashi sai ya dafa kafaɗata. Lung, wato kawu, ake ce mini a wurin aiki. "Lung Sawang, yau hannunka ya huta. Kada ka tafa."

Na ce, "Yarinyar ta sani ko?"

Ya dube ni yana murmushi. "Lung, kofunan shayin fitowa ta gaba, an wanke su?"

Na tafi na wanke kofuna.

Ƙarfe uku aka yi ɗaukar, a falo, ƙasan matakala. Noina ta tsaya a inda aka manna mata alama, ta ɗan miƙo fuska kamar yadda aka koya mata. Pa Ruan ta faɗi maganarta, ta ɗaga hannu. Da ma yarinya ta sani, da ta bi hannun da kanta, marin ya yi sauƙi. Ba ta sani ba. Tafina take jira, saboda haka ta tsayar da kai cak. Hannun ya same ta gaba ɗaya. Ƙarar ba irin tawa ba ce. Ta yi baya ta bugi kujera ta zauna a ƙasa, haƙori ya yanka mata leɓe daga ciki, jini ya gangaro haɓa. Darakta bai ce a tsaya ba. Kafin Noina ta dubi kowa, ni ta duba, a bayan kyamara.

Pa Ruan ce ta tsayar da ɗaukar. Ta zube ƙasa ta rungume ta tana kiran a kawo ƙanƙara. "Nong, ƙanwata, yi haƙuri, mu ga bakin."

Noina ta ture ta. "Me na yi miki, Pa?"

Nan Pa Ruan ta gane. Ta ɗago tana neman Amnat, motarsa ta riga ta fita ƙofa. Kafin ta haɗa magana, manajar Noina ta shiga tsakaninsu, ta ja yarinyar zuwa asibiti. Daga ranar ba a sake barinsu wuri ɗaya ba. Ko fitowarsu tare, daban-daban ake ɗauka a haɗa.

Washegari da safe guntun bidiyo ya fito, daƙiƙa goma sha biyu. Daga saman matakala aka ɗauke shi da waya. Ga marin, ga jinin, ga yarinya a ƙasa. Rungumar da ƙanƙarar babu su. Mutum ɗaya ya tsaya a matakalar nan ranar, sakatariyar Amnat.

Masu shirin gulmar taurari suka samu abinci. Su uku a kan doguwar kujera, sun sha hoda, suna maimaita bidiyon a hankali suna dafe ƙirji. Wai tsohuwar 'yar wasa mai harafin B ta huce hassadarta a kan sabuwar jaruma. Wai majiya daga wurin ɗauka ta ce ta daɗe tana harar yarinyar. Kafin azahar an daina ɓoye harafi. Mutanen da ba su taɓa ganinta ido da ido ba suka rantse sun san halinta. Suka tono duk muguntar da ta yi cikin shekara talatin da ɗaya ta wasa, suka jera a matsayin shaida. Wani ya rubuta cewa ashe ba wasa take yi ba, kanta take nunawa. Mutum dubu arba'in suka danna masa alamar yarda.

Daren Larabar nan maki ya tashi daga biyu zuwa biyar.

Ta tare Amnat a bakin motarsa bayan kwana biyu. Ina riƙe da lema a kanta.

"Khun Amnat, ka faɗa musu kai ka ce in yi."

"Zan faɗa, Pa. Bari kashi na sha ɗaya ya fita tukun."

Kashi na sha ɗaya ya fita, da marin gaske a ciki, an nuna shi ta kusurwa uku. Maki bakwai. Ta sake tare shi.

"Yanzu in na yi magana cewa za a yi kare ki nake," ya ce. "Wuta ce, Pa. A bar ta ta cinye itacenta."

Saura kwana goma sha biyu a shigar da Tawi, Lamduan ta kira. Ƙanwar marigayi mijinta ce, ita ke riƙe da gidan gado a ƙauye. Pa Ruan ba ta ji sosai a waya, kullum a buɗe take sa murya, don haka duk rumfar abinci ta ji.

"Pi Ruan, ba ni na faɗa ba, gari ne ke faɗa. Mai girkin biki ta maido da kuɗin kafin alkawari. Matan bayan gidan ibada sun ce ba za su yi rawa a bayanki ba. Wai hannun da ya fasa bakin 'yar mutane ba shi zai ɗauki riga ba."

"Lamduan, shekara nawa kika san ni?"

"Na san ki, amma na ga bidiyo. Ni dai shawara ce. Ni in ɗauka, ke ki zauna a rumfa ki huta. Ai duk jini ɗaya ne."

"Ke kika haife shi?"

"Af, ga irinta nan. Daga shawara har kin fara."

Ta kashe wayar. Ba wanda ya ɗago daga farantinsa. Ɗage ranar ba zai yiwu ba, damina ba ta jiran kowa, hutun Tawi kuma na wannan shekarar ne kaɗai.

Sai Amnat ya zo da magani. A tara 'yan jarida a harabar tasha, Pa Ruan ta miƙa wa Noina tiren neman gafara, da furanni da kyandir da turaren tsinke. A tsaye, ba durƙuso. Noina ta karɓa, su rungumi juna, magana ta mutu kafin ranar Tawi.

"Mutanenmu suna son mai neman gafara," ya ce. "Kwana uku za su manta."

Ta same ni ina shirya kwalaben da za a fasa. "Sawang, me ka gani?"

Na ce, "Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, Pa."

"Wanda ya faɗi wannan bai taɓa riƙe waya ba."

Ta tsaya tana kallona. Na san abin da take jira. Ni ne na ji maganar rumfa, ni aka ce wa kada in tafa. Ba ta roƙe ni ba, ba ta roƙon na ƙasa da ita abin da zai cuce shi. Ni kuma shekarata hamsin da huɗu, wasannin Amnat uku na gaba duk ni ne mai kayansu, kuma a wannan sana'a wanda ya tona asirin furodusa ba ya sake ganin wurin ɗauka. Na ba ta karin magana, na ci gaba da jera kwalabe. Wannan shi ne nawa laifin, ban ba shi wani suna ba.

Ni na haɗa tiren. Ranar Litinin harabar tasha ta cika, kyamara ta fi talatin. Aka miƙa wa Pa Ruan takarda ta karanta, ba ta gan ta ba sai a wurin. Ta karanta kamar yadda ta saba karanta duk abin da aka ba ta a gaban kyamara, sai da ta kai tsakiya ta ji abin da bakinta ke faɗa: wai zuciya ce ta ɗebe ta, wai ta kasa danne fushinta. Ta ɗan tsaya. Fitilu suna ta walƙiya. Ta ƙarasa.

Ta ɗauki tire ta nufi Noina. Wani daga baya ya ɗaga murya, "A tsaye ake neman gafara?" Wasu suka amsa. Ta dubi Amnat, ya ɗan sunkuyar da kai. Mace mai shekara hamsin da takwas ta durƙusa a kan tayil, ta ajiye tire, ta kai goshinta ƙasa a gaban ƙafar yarinyar da ko ɗanta ya girme ta.

Noina ta ja da baya kamar ta taka wuta. "Pa, kada! Alhaki zai kama ni!" Ta zube ita ma tana kuka tana jan hannunta. Wannan hoton aka buga ko'ina.

Ba su manta ba. Da can zargi ne, yanzu ta amsa da bakinta. Maki ya kai tara, Amnat ya aiko da gasasshen alade wurin ɗauka a yi murna.

Ni na kai ta Cai Nat a motata ta ɗaukar kaya, ta ce hannunta ba zai riƙe sitiyari ba. Da sassafe aka yi aski a tsakar gida, 'yan uwa kaɗai. Tawi ya durƙusa ya wanke mata ƙafa, ya nemi gafarar duk abin da ya taɓa yi mata. Ta yanki gashin farko ta sa a ganyen bado. Lamduan tana gefe tana ta gyara abin da ba ya bukatar gyara, amma ba ta sake ɗauko maganar riga ba. Har na fara cewa a raina abin zai wuce lafiya.

Da muka iso ƙofar gidan ibada muka tarar da motoci bakwai na 'yan jarida. Ba wanda ya san ranar a birni sai ofishin Amnat, da ta nemi hutu a can. A makon ne za a nuna kashin ƙarshe. Bayan 'yan jarida akwai samari da 'yan mata masoyan Noina, sun yi hayar mota daga Bangkok, kowa ya ɗaga waya. Tana fitowa da tire a hannu suka yi caa. Wani ya kwaikwayi muryarta ta wasa. Wata ta ce, "A yi hankali, kada ta mari mai zuhudu!" Aka kwashe da dariya. Matan gari da suka zo rawa suka ja gefe. Masu ganga suka sassauta.

Dattijon da ke kula da harkokin gidan ibada ya zo yana murza hannu. Ya ce babban malami ya tsufa, ba ya son hayaniya a harabar, in haka za a yi sai dai a ɗage.

Tawi yana tsaye cikin fararen kaya, kai a aske, an riƙe masa lema. Ya ce da uwarsa, "Mae, in ba ke za ki ɗauka ba, na fasa."

"Ka fasa saboda masu waya?"

"Na fasa."

"Ka wanke mini ƙafa ɗazu ka ce ba za ka sake saɓa mini ba. Ko awa biyu ba a yi ba." Ta gyara masa wuyan riga. "Ka shiga. Kada ka waiwayo."

Ta juya ta miƙa wa Lamduan tiren. "Da hannu biyu. A daidai ƙirji, ba a ciki ba."

Sai ta fita daga ƙofar, ta kama hanyar da ta bi gefen magudanar ruwa zuwa gonakin shinkafa. Ta san sana'arta, ta san inda kyamara ke bi. Gaba ɗayansu suka bi ta, 'yan jarida da masu waya, harabar ta koma ta mutanen gari. Na bi su. Ta yi tafiya mai ɗan nisa ta tsaya a gindin wata giginya, ta juyo ta ba su fuskarta, ta haɗe hannu a gaba. Suka kewaye ta.

"Pa, yaya kike ji yau?"

"Gaskiya ne dangi sun hana ki ɗaukar riga?"

"Pa, dubo nan! Nan!"

Daga can muka ji guɗa ta tashi, ganguna suka ɗauka. Sautin yakan yi nisa in sun zaga bayan ɗakin ibada, ya dawo in sun fito. Ta karkata kai tana saurare.

"Zagaye na nawa ke nan, Sawang?"

"Na biyu, Pa."

Da gangunan suka yi shiru ta san ya shiga. Ta ce da 'yan jaridar, "Kun samu abin da kuke so? To ku tafi, akwai nisa." Ta zauna a kan tudun gona da kayan bikinta na siliki. Ba ta yi kuka ba. Na ga ta yi kukan ƙarya sau ɗari a gaban kyamara, ranar ta hana su na gaske.

Ranar Litinin na je na samu Noina a ɗakin kwalliya na wani shiri da za ta yi. Ihu bayan hari ne, na sani. Manajarta ta so hana ni, yarinyar ta ce a bar Lung ya shigo. Na faɗa mata maganar rumfa, da ƙwai, da kofuna, da wadda ta tsaya a matakala. Ta daɗe tana kallona ta madubi.

"Ban taɓa zuwa ofishinsa ba," ta ce. Can kuma ta ce, "Na jira tafinka, Lung."



Yarinyar ta fi mu duka ƙashin baya. Manaja ta ce ta yi shiru, tauraruwarta yanzu ta fara haske. Ta kira ubanta daga Lampang, suka tafi wurin 'yan sanda tare. Na ba da shaida. Sakatariya, da ta ga abin zai faɗo a kanta, ta miƙa wayarta. Cikakken bidiyon yana ciki, har da runguma da ƙanƙara, da saƙon Amnat da ke gaya mata inda za ta tsaya da inda za ta yanke, da sunan shirin da za ta fara aika wa.

Masu doguwar kujerar nan su uku suka sake dafe ƙirji, wannan karon da baƙaƙen kaya. Suka ce tun farko jikinsu ya ba su akwai lauje cikin naɗi. Mutum dubu arba'in ɗin nan ban ji ɗaya ya ce shi ne ba. Kwandunan 'ya'yan itace suka yi ta isa Cai Nat. Wani shiri ya aika wakili har gida da tayi: in Tawi ya fito, a sake shigar da shi na kwana bakwai, Pa Ruan ta ɗauki riga, su su ɗauki nauyin komai, a nuna kai tsaye. Ta saurare shi har ya gama, ta raka shi bakin ƙofa, ta sa sakata.

Ba ta koma wasa ba. Duk daminar nan tana fitowa bakin hanya da safe da tukunyar shinkafa, ta cire takalmi, ta zuba wa ɗanta a ƙwaryarsa in masu zuhudu sun zo wucewa a jere suna karɓar sadaka, idonsa a ƙasa kamar yadda dokarsu ta ce. Noina ta je sau ɗaya, ta durƙusa mata, suka ci abinci, ba a kira kowa ya ɗauka ba. Da damina ta wuce Tawi ya ajiye riga ya koma masana'anta. Hoton zagayen yana rataye a gidan gado, Lamduan ce a gaba da tire. Ni kuma ba a sake kirana wurin ɗauka ba, kamar yadda na yi tsammani. Ina gyaran kujeru a Rangsit.

Tasha ta soke wasannin Amnat uku da ke gaba, kamfaninsa ya rufe kafin ƙarshen shekara. Kotu ta same shi da laifin sa a ji wa mutum rauni da yaɗa ƙarya don ɓata suna, ta ɗaure shi shekara biyu. Ya ɗaukaka ƙara, aka tabbatar da hukuncin. Ya yi wata goma sha shida a gidan yari. Tun da ya fito babu tashar da ta karɓi wasansa.